Yadda ake haɗa sabuwar salansa a motar dizal ta zauna daram ba yoyon hayaƙi

Duk salansar da ba ta kamfanin motar ba, wato irin wadda ake sayowa a kasuwa idan ta asali ta ruɓe ko mutum yana son mai faɗi, ba a dunƙule take zuwa ba, gunduwa-gunduwa take zuwa. Akwai bututun da yake saukowa daga turbo, akwai na tsakiya, akwai tukunyar salansar kanta, sai wanda yake hawa ya tsallake aksil ɗin baya, sai bakin da hayaƙi ke fita. A tirela da tifa irin su DAF da MAN da Howo wani lokaci sama take miƙewa a bayan kai, a ƙananan motoci irin su Hilux na dizal ko manyan fikof ɗin Amurka masu injin Cummins da Power Stroke da Duramax a ƙasa take bi har baya. Ko ma wacce ce, aikin gaba ɗaya yana wajen mahaɗa, inda bututu ya haɗu da bututu, don a nan ne ake samun yoyo, a nan ne ake samun ƙara, a nan ne kuma take tsagewa. Abin da yake damuna shi ne yadda a gareji da yawa da an kawo salansa sai kawai a kira mai walda ya bi ta ya like daga turbo har baya, alhali ƙarfen nan in ya ɗau zafi miƙewa yake, inji kuma girgiza yake a kan mazauninsa, dole a bar mata wurin motsi.

Kafin ka sayi komai, auna bututunka

Kada ka je kasuwar kayan mota irin su Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo ka ce a ba ka salansar mota kaza kawai, ka je da awo. Bututun salansa da faɗinsa na waje ake kiran sa. Inci 3 milimita 76 ne, inci 3.5 milimita 89, inci 4 kusan milimita 102, inci 5 kuma milimita 127. In ba ka da abin awon kauri, ɗauki zare ka zagaya bututun a inda bai lotse ba ka ɗora zaren a tef, in ya ba ka kusan santimita 24 inci 3 ne, 28 inci 3.5 ne, 32 inci 4 ne, 40 kuma inci 5. Motocin Turai da na Chana wasu da awon milimita suke zuwa, sai ka ga bututu na 100 ko 110 ko 120, toh na 100 da na inci 4 a ido kamar ɗaya ne amma ba ɗaya ba ne, wannan ɗan bambancin na kusan milimita 2 ya isa ya sa kilam, wato maɗaurin da ke matse bututu, ya ƙi kamawa yadda ya kamata.

Sannan ka san daga ina za ka canza. Akwai wadda ke farawa tun daga bakin turbo, akwai wadda ke farawa bayan bututun saukowa, akwai wadda ke farawa bayan matatar hayaƙi. Wannan matatar da ake kira DPF, fikof ɗin Amurka na dizal sun fara zuwa da ita daga 2007, manyan motocin Turai kuma masu ƙa'idar hayaƙi ta Euro 6 duk suna da ita, masu Euro 4 da 5 da yawa suna da tsarin AdBlue, wani ruwa da ake fesawa cikin salansa don rage gubar hayaƙi. In motarka na da waɗannan, shawarata ka canza daga bayansu kawai ka bar su a wurinsu, domin sensa-sensa ne a jiki suna magana da kwamfutar mota, da ka cire za ta kunna maka wuta a dashbod ta rage wa injin ƙarfi, kuma a Amurka da Turai cire su laifi ne a doka. Ga hayaƙin da kake hura wa masu babur da ke bayanka, shi ma abin dubawa ne.

Wajen ƙarfe kuma iri uku aka fi samu. Akwai baƙin ƙarfe da aka shafe da alminiyom, shi ne mai araha, amma duk inda aka yanka ko aka yi walda nan tsatsa ke fara ci. Akwai sitenles 409, yana yin jan tsatsa a sama amma ba ya saurin hujewa. Akwai 304 mai tsada mai ƙyalli. In mai shago ya ce maka 304 ne, ɗora mayen ƙarfe a miƙaƙƙen wuri, in ya manne gam toh ba shi ba ne.

Ire-iren mahaɗa, nan ne ya kamata ka tsaya ka gane

Ta farko kuma wadda ta fi yawa ita ce ta zurawa. Bakin bututu ɗaya an buɗa shi ya ɗan fi faɗi, ɗayan sai ya shige ciki kamar inci biyu da rabi zuwa uku. Ƙa'idarta ɗaya ce, wanda ya fito daga wajen inji shi ne yake shiga cikin na bayansa, saboda hayaƙi ya wuce sumul kada ya daki leɓen bututu ya nemi hanyar fita. In ka ga an juya, na baya ya shiga cikin na gaba, toh an yi kuskure ko da kuwa ba ta yoyo a ranar. Sau da yawa bakin mai faɗin yana da tsaga biyu ko huɗu, an yi su ne don bakin ya samu ya tsuke in kilam ya matse, kuma dole bututun ciki ya wuce ƙarshen tsagar nan, in bai wuce ba ta nan hayaƙi zai riƙa tsartuwa.

Wannan mahaɗar kilam iri biyu ake sa mata. Akwai mai siffar U, sandar ƙarfe lanƙwasasshiya da sirdi da noti biyu, shi ne kowa ya sani, ga araha ga riƙo. Matsalarsa shi ne yana lotsa bututun biyu ya yi musu zobe a jiki, ranar da ka zo kwancewa ko ka cire kilam ɗin bututun ba zai zare ba sai an sa wuta ko an yanka. Sai kuma mai faɗi kamar bel, wanda yake rungume bututun gaba ɗaya ya matse ko'ina daidai ba ya lotsa komai, kamfanoni irin su Torca da Donaldson da Walker suna yin sa. Gaskiya ni shi na fi so a duk wurin da na san wata rana za a kwance, misali kusa da giyabos inda in za a sauke kuloci dole salansa ta kauce. Shi ma kala biyu ne, ka lura. Wanda aka yi don mahaɗar zurawa yana da ɗan tudu a tsakiya, gefe ɗaya ya fi faɗi don ya hau bututun waje, ɗaya gefen ya kama na ciki. Wanda aka yi don baki-da-baki kuma miƙe yake sak, don bututu biyu masu faɗi ɗaya da aka kara bakinsu ba wanda ya shiga wani. In ka musanya su ba za su taɓa toshe hayaƙi ba, komai ƙarfin da ka sa.

Ta biyu ita ce ta bakin turbo, wadda ake kamawa da kilam mai kwari a ciki kamar harafin V. Kowane ɓangare yana da leɓe mai gangara, kilam ɗin in ana ɗaure shi sai ya riƙa jawo leɓunan biyu suna haɗuwa. Noti ɗaya ne tal, galibi sifana lamba 11 yake ci, kuma siriri ne, ba ya son ƙarfi.

Ta uku ita ce ta faifai, faifan ƙarfe biyu masu ramin noti biyu ko uku ko huɗu da gaskit a tsakani. Akwai kuma 'yar uwarta wadda baki ɗaya yake a dunƙule ɗayan a buɗe kamar ƙoƙo, su zauna cikin juna, wannan tana yafe ɗan karkata, wata ma notinta da sifirin yake zuwa don ta riƙa ɗan motsi. Sai fileksibul, bututun nan mai lanƙwasuwa da ake sawa tsakanin ɓangaren da ke jikin inji da ɓangaren da ke jikin shasi. Sai walda a ƙarshe, tana da wurinta, zan zo kanta.

Shiri da cire tsohuwa

Mota ta huce sarai, hayaƙin dizal in mota na jan kaya a hawa yana haura digiri 600 a wajen turbo, kada ka yarda da cewa ai minti ashirin da kashewa. A sa ta a daidaitaccen wuri ko kan rami, a ja birkin hannu, a sa waigi gaba da baya. In za a ɗaga ta kada ka shiga ƙarƙashi tana kan jak kaɗai, a tokare da ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri. In tirela ce da ake kifa kanta, a tabbata kan ya kifu har ƙarshe ko an sa sandar tokare shi. A cire kan batir. In kuwa tankar fetur ce, batun garanda da walda a kusa da ita babu shi sam sai an wanke tankin an tabbatar ba tururin mai, gara a kwance salansar a kai ta nesa a yi aikin wutar a can.

Tun daren jiya in da hali ka fesa wa duk notin WD-40 ko ka ɗiga musu man gas, musamman na bakin turbo da na faifai, don in sitod, wato sandar zaren da noti ke hawa, ya karye a jikin turbo aikin awa biyu ya koma na kwana biyu. In noti ya ƙi, kada ka ƙara wa sifana bututu ka hau kai, ɗan ɗaure shi kaɗan tukuna sannan ka dawo baya, a hankali gaba da baya har ya saki, in ya ƙi a ɗan gasa shi.

Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai, inda kowane marataye yake, yadda bututu ya bi ta kan aksil, inda wayar sensa ta bi. Sensa kuma ka fara zare soket ɗin wayar kafin ka juya ta, in ba haka ba wayar za ta murɗe ta tsinke a ciki. Ana cirewa ne daga baya zuwa gaba. Robobin da salansa ke rataye a jiki ka shafa musu ruwan sabulu su zame, kada ka sa musu baƙin mai don yana cinye roba. Bututun da ya tsallake aksil yakan ƙi fitowa, in tsohuwar ba ta da sauran amfani yanke ta kawai. Da ka buɗe bakin turbo ka toshe shi da tsumma mai tsabta kada tsatsa ko noti ya faɗa ciki, ka bar jelar tsumman a waje yadda ba za a manta da shi ba.

Jera ta a ƙasa tukuna

Shimfiɗa sabuwar a ƙasa kusa da tsohuwar, daga gaba zuwa baya, ka gwada zura kowane baki cikin ɗan'uwansa. Da yawa a hanya bakin yake ɗan lotsewa, sai ka sa katako a ciki ka daddaka da guduma a hankali har ya dawo da'ira. In an yanka bututu a bi bakin da magagari ko sanfefa a cire kaifin. Yanka kuma ya zama a miƙe, dabarar ita ce ka naɗa takarda ka zagaye bututun har gefenta ya haɗu daidai, ka bi gefen da alli, sannan ka yanka a kan layin. Kuma ka yanka da saura, ragewa ba wuya, ƙarawa ce sai an nemo guntu an yi ƙari.

Sai abin da mutane da yawa ba sa yi kuma yana da amfani sosai, a jikin kowane bututun da zai shiga ciki ka auna inci uku daga baki ka ja layi da maka, wato alƙalamin yin shaida. In kana ƙarƙashin mota ba ka ganin iya inda ya shige, layin nan ne zai gaya maka.

Ɗorawa, daga gaba zuwa baya, kuma komai a sake

Fara da bututun saukowa. Goge leɓen turbo da buroshin ƙarfe har tsohuwar kunkunniya ta fita, cire tsumman nan, rataya kilam mai V a wuyan bututun, ka kara leɓe da leɓe su zauna daidai ba gefe ɗaya a sama ba. In motar tana amfani da gaskit a nan sa sabo. Ɗaure notin iya yadda bututun ba zai faɗo ba amma kana iya juya shi da hannu. A manyan motoci akwai birkin salansa a nan kusa, wani murfi ne a cikin bututu da iska ke rufewa, ka tabbata sandarsa da tiyon iskarsa ba abin da ya tokare su.

Daga nan kowane bututu kafin ka zura shi ka fara saka kilam ɗinsa a jiki, mutum yakan manta sai ya gama rataye komai ya ga kilam a ƙasa, dole a sake kwancewa. Zura har layin maka, rataya marataye a robarsa, wuce na gaba. Tukunyar salansa tana da gaba da baya, duba kibiya ko rubutun shiga da fita, in kuma tana da ɗan ramin zubar da ruwa ya kalli ƙasa. Kana buƙatar mutum na biyu a nan, ko yaron mota ko jak da katako ya riƙe maka nauyin tukunyar. Har ka kai bakin ƙarshe kada ka ɗaure ko ɗaya tamau, dan Allah ka riƙe wannan, domin in ka ɗaure na gaba ka zo baya ka ga ya kauce da inci ɗaya, abin da zai biyo baya shi ne a sa ƙarfi a banƙaro shi ya shiga, kuma wannan banƙarar tana nan a jikin ƙarfen har ranar da zai tsage, galibi ma a wuyan turbo ko wajen walda yake fashewa.

In duk ta hau, sai ka koma ka daidaita. Juya kowane lanƙwasa har ya samu hanyarsa. Ka bar aƙalla inci ɗaya tsakaninta da shasi da giyabos da furofela da shokozoba, wajen tiyon birki da tiyon mai da wayoyin wuta da tayar safiya kuma ka ba da fiye da haka, in wuri ya ƙure a sa faifan tare zafi. A kan aksil ka tuna motar yanzu ba kaya, in aka loda mata buhun masara sifirin zai kwanta aksil ya matso sama, toh ka duba tazarar da ke tsakanin aksil da robar da yake dukawa a jikin shasi, tazarar salansa ta fi wannan. In kuma motar a ɗage take tayoyi na lilo, sauke ta ka sake dubawa.

Robobin marataye su ɗauki nauyi daidai, kada ɗaya ya miƙe kamar zai tsinke ɗaya kuma yana sake. Kuma ka sa su ɗan karkata zuwa gaban mota kaɗan tana sanyi. Dalili shi ne ƙarfe in ya yi zafi tsawo yake ƙarawa, bututu mai mita 4 in zafinsa ya ƙaru da digiri 300 zai ƙara kusan santimita ɗaya da rabi, sitenles 304 ma ya fi haka, kuma baya yake turawa tunda gaba a ɗaure yake da inji. In robar ta ɗan kalli gaba, da zafi ya zo sai ta miƙe daidai. Wannan lissafin shi ne ya sa ba a walda salansa kai tsaye a jikin shasi da guntun rodi, kullum sai da roba ko maɗauri mai ba da motsi a tsakani.

Fileksibul shi ma a kula da shi. Aikinsa shan girgizar inji ne, ba a sa shi don ya maye gurbin lanƙwasa ba, ba kuma don ya ɗau nauyi ba. Ya zauna a miƙe, ba a ja shi har ƙarshe ba, ba a kuma danne shi har ƙarshe ba, tsaka-tsaki, sannan a samu maɗauri a bututun da ke bayansa. Irin wanda aka naɗa da siririn ƙarfe kamar dodon koɗi, kilam mai faɗi yake so, mai U murƙushe shi yake.

Yanzu sai ɗauri

Nan ma daga gaba za ka fara. Kilam mai V, shafa ɗan man hana kamewa a zaren notin, irin mai ruwan tagulla ɗin nan, saboda sitenles a kan sitenles in ya ɗau zafi cije juna yake ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ɗaura kaɗan, ka ɗan bubbuga kilam ɗin zagaye da ƙaramar guduma don ya zauna cikin kwarinsa, ka ƙara ɗaurewa, ka sake bubbugawa, har ka ji ya tsaya. Da ƙaramin hannu ake ɗaure shi, in ka sa masa injin iska ko dogon sifana zai tsinke. In ka ga bakin kilam ɗin biyu sun haɗu har yanzu bututun na motsi, kilam ɗin ya buɗe ya gama aiki ko ba sayis ɗinsa ba ne, sayo wani.

Faifai kuma notinsa bi da bi ake ɗaurewa, wannan kaɗan wancan kaɗan, in huɗu ne a gicciye, har gaskit ya kwanta daidai. In ka gama da ɗaya kafin ka taɓa ɗayan faifan zai karkace. Tsohon faifai ka ɗora masa rula ka gani, in ya lanƙwashe gaskit biyu ba za su gyara shi ba, sai an goge shi ya daidaita ko a canza. Kuma gam ɗin silikon na jan kwali ba na nan ba ne, zafin ya fi ƙarfinsa, a gaban sensa ma lalata ta yake.

Kilam mai U ana ɗora shi ne a kan inda bututu biyu suka hau juna, kamar rabin inci daga bakin na waje, ba can ƙarshen na ciki ba inda zai matse iska. Noti biyun a riƙa ɗaure su tare. Ka juya shi yadda jelar notin ba za ta kalli ƙasa kai tsaye ba, don a hanyoyinmu na ƙauye da ramuka ita ce za ta fara kamo dutse da ciyawa. Mai faɗi kuma tudunsa ya zauna daidai kan leɓen bututun waje, tsagar kilam ɗin kada ta hau kan tsagar bututu, galibi soket 15 yake ci kuma yana son ɗauri sosai don sai bel ɗin ya ɗan miƙe ya kwanta a jikin bututu sannan yake toshewa. In takardar da ta zo da shi ta faɗi awon ɗauri kuma kana da sifanan awo, bi abin da ta ce. Bayan kowane ɗauri ka leƙa baya ka ga bakin salansa bai juya ba, yakan juya kaɗan-kaɗan ba ka sani ba.

Mayar da sensa da hannu tukuna har ta shiga zare biyu uku kafin sifana, man hana kamewa a zare kawai kada ya taɓa kanta. Siraran bututun da ke auna matsin DPF kada a musanya na gaba da na baya.

Inda walda take da amfani

Wajen like sandar marataye a jikin bututu, wajen haɗa faifai da bututu, wajen ƙera lanƙwasa in babu wadda ta dace, da mahaɗar da ka tabbata ba za a sake kwance ta ba, duk walda ta fi. Amma ko a nan sai an gama jera komai a jikin mota, a ɗiɗɗiga walda wuri uku ko huɗu zagaye, a ja layin shaida, a sauke a gama ta a ƙasa inda mai walda zai iya zagayawa har saman bututun. Waldar da aka yi a kwance ƙarƙashin mota kusan kullum samanta a buɗe yake don hannu ba ya kaiwa. Kaurin bututun nan bai wuce milimita ɗaya da rabi da ɗan kai ba, wuta mai yawa huda shi take, kuma sitenles sandar sitenles yake so. In dole sai an yi a jikin mota, batir a cire, a maƙala wayar ƙasa a jikin bututun dab da inda ake aiki don kada wuta ta bi ta cikin kwamfuta ko boris. Ko yaya dai a bar aƙalla mahaɗa biyu da kilam, ta bakin turbo da ɗaya kafin aksil.

Gwaji

Mayar da batir, tayar da ita a fili ba cikin rufaffen shago ba. Minti na farko tana da sanyi, fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne yoyo, ko ka kawo bayan hannunka kusa ba tare da ka taɓa ba za ka ji iska na bugowa. Sabon bututu zai ɗan yi hayaƙi da wari na man da ke jikinsa, wannan ba komai. Kama bakin salansar da tsumma ka girgiza, in ka ji ƙwas-ƙwas tana dukan wani abu nemo wurin. Sannan a fita da ita ta yi zafi sosai, a dawo a bar ta ta huce, a sake bin duk notin, za ka ga wasu sun ɗan saki. Bayan tafiya ɗaya ko biyu da kaya a sake bi.

Motar dizal ba ta ɓoye yoyo, duk inda take fitar da hayaƙi za ka ga baƙin layin kunkunniya a gefen mahaɗar, don haka bayan sati ka shiga da tocila ka duba, musamman waɗanda suke ƙarƙashin kai. Direbobinmu da yaransu a cikin mota suke kwana a Tafa ko Mararrabar Jos, wani lokaci inji na aiki, hayaƙin da ke shigowa ta ƙasa yana sa ciwon kai da jiri kuma yana iya kashe mutum yana barci. In direba ya fara cewa yana jin warin hayaƙi a ciki, a ajiye motar a duba bakin turbo da fileksibul kafin a sake ɗaukar lodi. Masu salansar da ta miƙe sama kuma a sa mata murfin nan mai buɗewa da kansa ko baki mai lanƙwasa, a bar ɗan rami a gwiwar ƙasa, in ba haka ba ruwan damina zai taru a ciki ya gangara har turbo.